Murjanin Bayan Dutse

Samah ta fara ganin Hatim ne a bakin wani ƙaramin tsibiri a Bahar Maliya, tana riƙe da gilashin ruwa da bututun numfashi, ba ta san ma ta inda ake saka su ba.

Jirgin yawon shaƙatawa ne ya kwaso su daga Jidda, tafiyar kwana uku. Gwaggonta Mujahida ce ta dage sai ta raka ta, bayan ta yi wa mahaifin Samah alƙawarin ƙafar 'yarsa ba za ta taɓa ruwa ba. Shekarun Samah ashirin da shida, haifaffiyar Makka, amma ba ta taɓa tsoma hannu a teku ba.

Fasinjoji duk sun cunkushe a gindin gadar sauka, sun dama yashi, ruwan ya koma kamar kunu. Gwaggo ta leƙa, ta taɓe baki, ta ce da Hausa ashe kunun nan aka kawo su gani.

Wani saurayi mai rigar ma'aikatan jirgin ya yi dariya, ya gaishe ta da Hausa. Shi ne Hatim, ɗan unguwar Rusaifa ta Makka, aikinsa duk tsibirin da jirgi ya tsaya ya riga kowa fita ya nemo inda ruwa ya kwanta. Ya ce in sun yarda su taka kaɗan, akwai wuri a bayan duwatsu inda iska ba ta bugawa.

Samah ta tuna wa Gwaggo alƙawarin.

"Ni na yi shi, ni zan ɗauki laifin," in ji Gwaggo. "Shiga."

A hanya Hatim ya nuna musu yadda ake gane wuri mai kyau. A guji taron jama'a, a duba inda koren ruwa ya haɗu da shuɗi mai duhu, nan duwatsun murjani suke. A jefa ganye a ga ta ina ruwa ke ja. Kuma komai kyan abu, kada a taɓa shi.

Samah ta ɗaura rigar ceto a kan doguwar rigar iyo, ta kama igiyar da ya miƙa mata, ta kifa fuska. Kifaye masu ruwan ɗorawa suka wuce gabanta kamar ba su san da ita ba. Ba ta jin komai sai numfashinta. Da ta ɗago, hawaye ya cika gilashin.

"Gishirin ne?" ya tambaya a hankali.

"A'a," ta ce. "Ban san duniya na da faɗi haka ba."

Kafin jirgin ya koma Jidda, Hatim ya nemi izinin Gwaggo, ya karɓi lambar Samah.

Gidan su Samah a unguwar Kudai yake, cikin Makka. A ƙasa shagon mahaifinta, Malam Isa, inda ake sayar da harami da darduma da carbi. A sama ɗakuna uku. Tun da mahaifiyarta ta rasu, shi kuma ɓarin jikinsa ya shanye, 'yan'uwanta maza biyu suna Riyad, komai ya dawo kanta. Ta ba shi magani, ta sauka shago, ta hau ta dafa abinci, ta sake sauka. Ta taga ba ta ganin komai sai duwatsu da motocin alhazai.

Saƙonnin Hatim suka zama tagarta ta biyu.

"Murjanata, yau na samo sabon wuri a arewacin tsibirin. Kunkuru biyu na gani. Ban nuna wa kowa ba, na ajiye miki."

"Sarkin Ruwa, ni kuma yau na sayar da harami goma sha ɗaya, na ƙona shinkafa. Ka gaishe min da kunkurun."

Bayan wata biyar ya turo kawunsa neman aure. Malam Isa ya karɓi baƙon da gahawa da dabino, amma da ya ji aikin yaron sai ya ce a yi haƙuri. Bai ba da dalili ba, Samah kuwa ta san shi. Yana ɗan shekara bakwai iyayensa suka tsallako da su daga tashar Sawakin, can ƙetaren Bahar Maliya, a jirgin katako. Yayansa Abubakar ya faɗa ruwa, ba a ga ko gawarsa ba. Tun daga nan ko kifi ba ya ci.

Bai tilasta mata kowa ba. Sai dai kullum yana yabon Muhannad, maƙwabcinsu mai ofishin hayar motoci, yana cewa ga wanda ba zai kai ta nesa ba. Samah ta ji kamar ana ƙara matse mata bangon gidan. In ta bi zuciyarta, wa zai ɗaga tsohon? In ta zauna, haka za ta tsufa tsakanin bene da kanta.

Wata rana bayan Azahar Muhannad ya shigo shagon, ya ce ba ya son gulma amma akwai abin da ya kamata ta gani. Ya nuna mata bidiyo na daƙiƙa shida: Hatim a cikin ruwa, rungume da wata mace.

Da ya fita ta rubuta wa Hatim: "Na ga irin wuraren da kake nuna wa mutane. Allah ya ba da sa'a." Ta toshe lambarsa.

Mako uku ta yi tana aiki kamar inji, har ta rame. Ranar wata Juma'a bayan La'asar, Gwaggo Mujahida ta hawo benen tana haki, Hatim na bayanta. Ta ce ita ta kawo shi, kuma babu mai tashi sai an kalli abin da ke wayarta. Ta ajiye ta a gaban ɗan'uwanta, Malam Isa. Samah na tsaye a bakin ƙofa.

Cikakken bidiyon ne. Wata dattijuwa ta tsallake igiyar iyaka, ruwa ya ja ta, tana ɗaga hannu tana nitsewa. Hatim ya yi tsalle daga kwalekwale, ya cim mata, ya tallabo ta har gaɓa, jikokinta na kuka.

Samah ta rufe fuska da mayafi don kunya.

Hatim ya sunkuyar da kai gaban Malam Isa, ya kira shi Ammi, wato Baffa da Larabci, ya ce, "Ammi, in ruwan ne matsalar, zan bar shi. Zan nemi aiki a nan Makka."

"Ban yarda ba, Baba," Samah ta ce. "Na san yadda mutum yake ji in an rufe shi. Ba zan so masa haka ba."

Malam Isa ya dube ta ya daɗe, kamar yau ya fara ganin ramarta. Sannan ya ce a maimaita masa bidiyon. Da ya ƙare ya tambayi Hatim minti nawa ya yi kafin ya isa ga matar.

"Bai kai biyu ba, Ammi."

"Yaya Abubakar ya fi haka yana ɗaga hannu," in ji tsohon. "Mutum arba'in ne a jirgin, babu wanda ya iya iyo." Ya share ido da hannunsa mai lafiya. "Kada ka bar aikinka, ɗana."

A ranar ya kira 'ya'yansa na Riyad, ya ce ƙanwarsu ta yi nata, saura su. Babban ya nemi a dawo da shi aiki Makka, aka kuma ɗauki mai tsaron shago. Muhannad ya zo ya ce shi ma haka aka turo masa bidiyon. Samah ta ce Allah ya yafe musu baki ɗaya, ba ta ƙara ba.

Ta buɗe lambar Hatim ta rubuta: "Ka yafe min, Sarkin Ruwa. Na yanke hukunci da daƙiƙa shida."

"Na yafe tun kafin ki tambaya, Murjanata. Ki ci abinci don Allah."

An ɗaura auren a watan Sha'aban, a masallacin unguwa. Mata suka cika saman bene da guɗa da ƙamshin turaren wuta, Gwaggo na gaya wa kowa ita ta haɗa. Da za a tafi da amarya, Samah ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka. Ya ɗora hannu a kanta, ya kira ango ya matso.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya tsare ku a tudu da ruwa," ya ce. "Hatim, amana ɗaya zan ba ka. Ka koya mata iyo sosai. In Allah ya ba ku 'ya'ya, su ma ka koya musu, tun suna ƙanana."

"In sha Allahu, Ammi," in ji Hatim.

Ɗakin duka ya amsa da amin.