Ruwan Inabin Da Mulu Ta Taɓa

Yammacin Juma'a ne, Mama Bluma ta kunna kyandirorin tarbar Asabar, ranar hutun Yahudawa, gidan ya ɗauki ƙamshin romon kaza. Mulu na zaune kusa da saurayinta Gershon, ɗan Mama Bluma. Yau ya fara kawo ta gidansu a Netanya, a ƙasar Isra'ila.

Ganin Mama na ta kai da kawo ita kaɗai, sai Mulu ta miƙe ta ɗauki kwalbar ruwan inabi ta cika kofin addu'a.

"Ke! Wa ya ce ki taɓa?"

Kawu Zalman ne, yayan Mama. Ya fizge kwalbar da kofin, ya je ya tuttular da su a wurin wanke-wanke, har da wanke hannu kamar ya taɓa kashi. Kowa a teburin ya san ma'anar abin: inabin da wanda ba Bayahude ba ya taɓa, ba a addu'a da shi.

"Kawu, Bayahudiya ce fa!" in ji Gershon.

"In ji wa? Waɗannan 'yan Habashan, wa ya san kakanninsu? In tana son aurenka ta je ta yi wankan shiga addini."

Abin ƙyama! Mutumin da kullum bakinsa ba ya hutawa kan ƙiyayyar da duniya ke yi wa Yahudawa, ko mai kanti ya harare shi a ƙasar waje sai an sha labari.

Mulu ta share hawaye. "Kawu, kakata da ƙafa ta ratsa Sudan don ta isa Urushalima. 'Ya'ya biyu ta binne a hanya, ko a sansanin 'yan gudun hijira ba ta taɓa karya doka ta hura wuta ran Asabar ba. Ni zan yi wankan baƙi? Me ya raba ka da masu ƙinmu?"

"Kun ji ko! Irin maganar maƙiya Yahudawa ke nan sak!"

Mama Bluma ba ta ce uffan ba, ta ƙura wa faranti ido. Shirun nan ya fi zagin Kawu yi wa Mulu ciwo. Ta fita tana kuka, Gershon ya bi ta.

Watanni suka shuɗe. Gershon ya so su ɗaura aurensu ko babu kowa, ta ce a'a. "Ba zan raba ka da mahaifiyarka ba, wankan kuma ba zan yi ba. Mu jira."

Wata Juma'a kafin faɗuwar rana aka ƙwanƙwasa ƙofar gidan da Mulu ke zaune da kakarta. Mama Bluma ce, rungume da kwalbar ruwan inabi, idanunta sun yi ja.

"A Poland, in mahaifiyata ta sha ruwa a gidan maƙwabta, fasa kofin suke yi don Bayahudiya ce," ta ce. "Da wannan labarin na girma. Sai ga shi an yi a teburina ina kallo. Tun ranar nake jin ƙyamar kaina." Ta miƙa mata kwalbar. "Buɗe ki zuba min, 'yata."

Mulu ta buɗe ta zuba. Mama ta shanye tas a gaban kakar Mulu, sannan ta rungume tsohuwar.

Da aka yi auren, Kawu Zalman bai zo bikin ba, babu kuma wanda ya tambaye shi. Haƙurin Mulu ya ba ta miji da uwa ba tare da ta zubar da mutuncin kakarta ba. Wanda ya san zafin wulakanci ya kuma juya ya yi wa ɗan'uwansa, shi ya fi kowa abin kunya.