Layin da Ban Cike Ba

"Zaituna, jaruminki ya iso bakin kogi," in ji Idrisu. "Me zai yi?"

Ƙwayar ludo ta suɓuce daga hannuna ta faɗi ƙasa.

A 1984 ne, muna aiki a wata masaƙa a Challawa. Idrisu ne mai kula da sito, kuma wani injiniya Bature ne ya koya masa wannan wasa na labari da jefa ƙwayar ludo. Duk hutun rana mukan taru a gindin darbejiya, shi yana ba da labarin dodanni, mu kuma kowa ya ƙirƙiri jaruminsa a bayan tsohon katin shiga aiki: suna, ƙarfi, buri, sai rauni. Kullum cewa yake jarumin da ba shi da rauni gunki ne kawai.

Ni kuwa layin raunin na bar shi wayam.

Sunan Labaran na sa wa jarumina. Kowa ya san wa nake nufi: saurayina da kogin Challawa ya ci saura wata biyu bikinmu. In na yi magana da bakinsa har muryata kan sauya, wurin ya yi tsit. Ni kaina wani lokaci sai na waiga, kamar yana bayana.

Shekara guda Idrisu yana sona, ni ma zuciyata ta karkata, amma da ya ɗago maganar sai in ji kamar cin amana nake. Inna kuma ta ce ba za ta ba da 'yarta ga mai tatsuniya da rana tsaka ba. Atika, abokiyar aikina da ta daɗe da sa masa ido, ta raɗa mini da safe cewa yau zai kashe Labaran a wasa don fili ya zama nasa.

Ga shi kuwa Idrisu ya kawo shi bakin kogi.

Na dube shi da jan ido na tambaya ko nutsar da shi zai sake yi.

"Ba ni da ikon taɓa shi, masoyiyata," ya ce a hankali. "Na gaji ne da kishi da wanda bai taɓa kuskure ba. Faɗa mini wane ne shi..."

Na karɓi bironsa na rubuta a layin raunin nan: yana tsoron ruwa.

Sai na faɗi abin da ko Inna ba ta sani ba. Ranar da Labaran ya nutse, ni na tsokane shi a bakin kogi, na kira shi matsoraci ina dariya. Don ni ya shiga.

Atika ta sunkuyar da kai. Idrisu ya tsinto ƙwayar ya miƙo mini, ban karɓa ba.

"Ba zai shiga ba," na ce, hawaye na zuba. "Labaran, kar ka shiga. Wasa nake yi."

Idrisu ya ce to, jarumin ya juya ya koma gida lafiya.

Bayan sati uku Inna ta sauko, don ta ji ina dariya, ta ce rabonta da jin dariyata tun rasuwar. Ranar da aka sa mana rana Idrisu ya ba ni sabon kati. Layin rauni na fara cikewa, da sunan Idrisu.