Tsohon da Ya Tsaya Gaban Akwatin Hoto

A Nuwamban 1912, wani likitan soja Bafaranshe ya kafa akwatin hoto kan duwatsun bayan Zango don ɗaukar taurarin Kaza da 'Ya'yanta. Idon akwatin zai kwana a buɗe. Ya gargaɗi mai gadinsa Alkasum: in wani ya gifta gaban akwatin, hoto ya lalace, to shi kuma a bakin aikinsa.

Da dare ya raba, kukan gyare ya ɗauke. Wani tsoho ya hauro, ba ƙarar takalmi, ya tsaya daidai gaban akwatin.

"Baba, don Allah matsa. Korata za a yi."

"Kwantar da hankalinka, ɗana. Ban tare komai ba."

Alkasum ya ɗaga kai. Taurarin suna nan cif, yana ƙirga su ta cikin ƙirjin tsohon.