Adudun da Aka Mayar

"Ke kika mayar mini da kayana, Bara'atu."

Tana durƙushe a ɗakin Inna tana ɗaure tasoshi cikin tsumma, Mas'udu ya faɗa mata haka daga bakin ƙofa.

Shekara huɗu Mas'udu yana jiranta. Bai daɗe da kawo kayan na-gani-ina-so cikin adudu ba, ciwon ɓarin jiki ya kwantar da Inna. Bara'atu ta ce ba ta barin uwa kwance ta tafi ɗakin miji. Adudun ya zauna ƙarƙashin gado.

Bayan sadakar arba'in ɗin Inna, yayanta Garba ya ce a sayar da gidan Bungudu ta koma wurinsa Gusau, tunda an ba su jiha ya samu aiki. Aka shiga rabon kaya. Zannuwa suka tafi sadaka, turmi ya bi maƙwabta. Aka aiki Bara'atu Tsafe ta kai wa kakarta tsarabar gado, kaka ta riƙe ta sati uku.

A bayanta Gwaggo Delu, mai tsoron hakki, ta ce duk abin da ba na mamaciya ba a kai wa mai shi, kada ya tsaya mata a kabari. Ta jawo adudun. Ladidi 'yar maƙwabta, wadda ta san komai, ta ce ajiyar su Mas'udu ce, ta ɗora a kai har gidansu a Kekun Waje.

Kayan neman aure kuwa in sun dawo, an gama magana. Uban Mas'udu ya ce ba a wulaƙanta gidansa ya yi shiru. Juma'ar da ta wuce aka ɗaura wa Mas'udu aure da Ladidi.

Da Bara'atu ta faɗa masa ba ta ma garin aka mayar, sai ya dafa bango. Ya ce zai gyara, zai je wurin Garba yau ɗin nan.

"Hasken idona, ki yi mini rai..."

"Shekara huɗu ka iya jira, Mas'udu. Tambaya guda ce ta gagare ka."

Motar da za ta kai ta Gusau ta yi ham a ƙofar gida.

Ta dubi tasoshin da Inna ta tara mata ɗaya bayan ɗaya don ranar jerenta. Ta ƙulle tsumman ta tura gabansa.

"Ka kai wa amarya. Ta iya ɗaukar kaya."

Butar alwalar Inna kaɗai ta ɗauka. Sai da suka wuce kasuwa ta ja mayafi ta rufe fuska.