Ƙaton Kwaɗon Nzelle

"Kwaɗo? A kan kwaɗo kika taso ni daga ofis?" in ji Sufeto Ngwese.

"Yallaɓai, ya kai jariri girma," in ji Nzelle. "Irinsa sun kusa ƙarewa. Da sunana jami'an gandun daji suka ba da aronsa. In bai koma rafi gobe ba, za a soke min izinin bincike, karatuna ya mutu."

Ita da 'yan ajinsu na jami'a ne suka shirya taron neman gudummawa a zauren cocin ƙauyensu, kusa da Nkongsamba, don su samu guzurin shiga daji nazarin kwaɗin da suka rage. Sun kawo ƙaton ne don masu hali su gani da idonsu. Kafin ta gama jawabi, bahon da suka ajiye shi a ciki a ɗakin baya ya zama wayam.

Sufeto ya duƙa. An mayar da ragar da ke rufe bahon, an ɗaure ta tsaf. Wane ɓarawo ne zai tsaya gyara wuri?

Babban baƙo, Pa Ekane dillalin koko, yana sakace a ƙarƙashin rumfa.

"Me aka ba ka ka ci, Pa?" in ji Sufeto.

"Farfesun kaza, ɗana. Ko shi ma laifi ne yanzu?"

Sufeto ya tsamo ƙashin ƙafa, har da yatsunta, daga kwanonsa. "Kazar garinku yatsu biyar gare ta?"

Tsohon ya kau da kai.

A madafar da ke bayan coci, Mama Ebude, mahaifiyar Nzelle, tana ta dirzar tukunyar da ta riga ta fita tas.

"Kaza na yanka, ɗan sanda. Tambayi kowa."

"Ina gashinta, Mama?"

Soson ya suɓuce daga hannunta. Ta juya ga 'yarta da ke tsaye a bakin ƙofa.

"Kina jawabi Pa Ekane yana hamma, Nzelle, yana duba agogo. Zuciyata ta karye. A garin nan wa ya taɓa roƙon babban mutum da kaza? Da naman nan kakanki yake karrama baƙo. Na ce in ya ci zai saki hannu. Kuma ya saki! Sai ki kamo wani mana."

"Babu wani, Mama. Damina guda muka kwashe a rafi kafin mu ga wannan."

Mama Ebude ta ture tukunyar, ta miƙe. Sufeto bai ciro ankwa ba. Ya jira ta gyara ɗaurin zane, ya sa ta gaba zuwa mota.

'Yan ajin suka taho da kwandon gudummawa, ya cika fal, ba wanda ya iya ɗaga ido.

Nzelle ta share fuska da bayan hannu.

"Ku mayar wa Pa Ekane da kuɗinsa," ta ce. "Ba zan ƙara shiga daji ba. Yallaɓai, tsaya, tare za mu tafi."