Turaren da Ya Shaƙe Ɗan Mai Turare

Mama ta ɗauki kwalbar daga gaban madubin matar ɗanta, ta shinshina, ta yatsine fuska.

"Wannan ne turarenki? Lemun tsami! Sai ka ce sabulun wanke kwanuka!"

"Mama, ai shi ne—"

"Rufe min baki! Tun ba a haife ki ba nake haɗa turare. Na wardi yana kwantar wa namiji hankali, na kanumfari da kirfa in ya kama riga sai an wanke. Wannan fa? Kafin ki kai ƙofa ya tashi! Waɗanda na aiko miki suna ina?"

Suna cikin akwati, ko murfinsu ba a taɓa ba. Mama na gani ta hau sama.

"Raini ne! To wallahi yau sai ya zaɓa, ko ni ko ke!"

Yarinyar ta haɗiye kukanta. Mijin ne ya roƙe ta kada ta faɗa. Tun bara likita ya ce asma gare shi, turare mai ƙarfi shaƙe shi yake. Gogan naku kuwa, da gemunsa, ya kasa gaya wa uwarsa sana'arta ce ke toshe masa ƙirji. Ya bar matarsa tana shan zagi.

Mama ta zaro nata haɗin daga jaka, ta bi labule da katifa da feshi.

"Mama, don Allah ban da filonsa!"

"Au, har doka kike kafa min?"

Ana haka ya dawo daga aiki. Yana shigowa ya dafe bango, idanu waje, ƙirji na fito. Matar ta banke tagogi, ta ja shi baranda, ta cusa masa abin shaƙarsa a baki.

"Ja, masoyi, ja a hankali!"

Da numfashinsa ya dawo, da bakinsa ya faɗa wa Mama komai.

"Sakarai! Tsoron bakina ya sa ka bar ni ina cin mutuncin 'yar mutane?"

"Sori, Mama—"

"Sorin uwarka!"

Ta juya ta riƙo hannun yarinyar. "Yafe min, 'yata. Kin fi shi zuciya."

Haƙurinta ya saya mata uwa ta biyu. Amma ku maza, ku ji ni da kyau: gaskiyar da ke tsakaninka da mahaifiyarka, kai za ka faɗe ta. Kada ka laɓe a bayan mace.