Kalmasa Uku a Bakin Riga

Malama ba ta ko gaishe shi ba. Ta shigo shagon ɗinkin da shuɗiyar rigar 'yarsu a hannu, ta shimfiɗa ta a kan keken, bisa wandon wani da mijinta ke ɗinkawa.

"Baban Gimbiya, mene ne wannan?"

Ya sauke ƙafa daga kan keken. Kallo ɗaya ya yi wa bakin rigar ya sunkuyar da kai, ita kuwa ta zo ne da fatan zai yi mata musu.

Gimbiya, 'yarsu tilo, shekararta huɗu, amma duk wanda ya gan ta sai ya ba ta biyu da rabi. Bara war haka damuwa ta kusa kwantar da Malama. Ta yi azumi har ta rame, ta yi addu'a har muryarta ta dishe, ta kai ga ba ta son ganin 'ya'yan maƙwabta suna wasa, don idonta ba ya daina auna su da tata. Da yake da safe tana aji tana koyarwa, mijin ne ke kai yarinyar awo asibiti. Kullum ya dawo da fara'a, ya ce ma'aikaciyar jinya ta ce ana samun ci gaba.

Sai rigunan Gimbiya suka fara ɗagewa. Wadda ke rufe gwiwa ta koma saman gwiwa, hannun riga ya bar wuyan hannu a fili. Malama ta koma cin abinci, dariyarta ta dawo. Duk lokacin da ta ce a saki bakin wata riga, sai ya karɓe ya ce matar tela ba ta riƙe allura, kar a yi masa dariya a layi. Ita kuma, da yake mace ce mai son a lallaɓa ta, sai ta yi murmushi ta sakar masa.

Yau ne, da aka tashi makaranta da wuri, ta ce bari ta ba shi mamaki. Ta ɗauki reza ta farke kalmasar shuɗiyar rigar. Yadi ya yi ta warwarowa, layin ɗinki ɗaya, biyu, uku, kowanne sama da ɗan'uwansa, an yi su da kyau irin na gwanin da ba ya son a gane. Ta kira yarinyar ta saka mata, rigar ta sauka daidai inda take bara.

"Ba ita ke tsawo ba," in ji Malama. "Kai ne kake rage rigar."

"Zuciyata, zauna ki ji..."

"Kar ka kira ni da wannan sunan yau."

Ya tashi ya tura ƙofar shagon. Ya ce mata ba mugunta ba ce. Ya ga tana ƙarewa a gabansa, ya ji tsoron zai rasa uwa garin neman tsawon 'ya. Karo na farko faɗin yatsa ɗaya kawai ya rage, ya ga ta ci abinci ranar har ta nemi ƙari, daga nan ya kasa dainawa. Ya ce kullum yana addu'a Ubangiji ya cika abin da ya rage kafin ta gane.

Malama ta dube shi kamar baƙo. Wannan ne mutumin da ya riƙe hannunta a gaban fasto, wanda ke buɗe Littafi Mai Tsarki kowace safiya yana koya wa Gimbiya cewa ɗan Allah ba ya ƙarya. Ta tuna takalmin yarinyar da bai taɓa matse ta ba shekara guda, ta ji haushin kanta ya kusa kai haushinsa.

"Ka bar ni na tsaya a coci na ba da shaida," ta ce. "Na ɗaga rigar nan a gaban jama'a ina kuka, na ce Yesu ya amsa mini. Kana zaune a layin gaba kana tafi... da hannun da ka ɗinka ta."

Hawaye ne kawai ke sauka a kan tef ɗin awon da ke rataye a wuyansa.

Ta ce ya ba ta katin asibitin. Ya jawo aljihun teburin, ya ɗaga ƙyallaye da ƙullin zare, ya fito da shi. A ciki akwai wata takarda a ninke, ma'aikaciyar jinya ta rubuta cewa a kai yarinyar wurin likitan yara ba da ɓata lokaci ba. Malama ta duba kwanan watan sau biyu. Wata tara ke nan.

Ta zauna a bencin masu jiran ɗinki. Da rigar ce kaɗai, da wataƙila wata rana ta yi dariyar abin. Amma wata tara na rayuwar 'yarta ya ninke ya cusa ƙarƙashin ƙyallaye. Ya fara cewa ya ji tsoron abin da likita zai faɗa, ta ɗaga masa hannu. Ita ma tana jin tsoron, ta ce, amma ba a tambaye ta ba.

Washegari da safe ta nemi izini a makaranta, ta ɗauki Gimbiya suka tafi. Ba ta ce ya zo ba, ba ta ce kar ya zo ba. Ya rufe shago ya bi su a baya, yarinyar na waigowa tana tambayar me ya sa Baba ke tafiya a hankali.

Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta auna yarinyar, ta duba wuyanta da tafin hannunta, ta rubuta gwajin jini. Ta ce akwai abin da za a iya yi, amma da an zo da wuri da ya fi. Sannan ta buɗe takardar, ta dubi Malama ta saman tabarau, irin kallon da ake yi wa uwa mai sakaci.

"Me ya hana ki kawo ta tun watannin nan?"

Shekara shida Malama na rufa wa mijinta asiri a gaban kowa, har bakinta ya buɗe da kansa zai ce aiki ne ya yi yawa. Sai ta rufe shi. Ta rungume 'yarta, ta bar shirun ya yi tsawo.

Daga bakin ƙofa, inda yake tsaye, mijin ya amsa.

"Ba ta sani ba, Likita. Ni na ɓoye takardar."

Malama ba ta juya ta kalle shi ba, zuciyarta ba ta kai nan ba tukuna. Jakarta kawai ta ɗauke daga kujerar da ke gefenta, ta ajiye a ƙasa.

"Zauna," ta ce. "Duk abin da za ta faɗa, yau tare za mu ji shi."